Direban da Aka Ɗora wa Laifin Tafiyarmu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya. Ban samu jana'izarsa ba. Saƙon ya iske ni a Ikko ta bakin wani direban albasa, kafin in iso Jega har an yi sadakar uku, sai zaman gaisuwa ya rage a ƙofar gidansa da ke Jega Magaji.

Masu makoki kashi biyu na tarar. A gindin dogon yaro mutanen tasha ne, direbobi da 'yan kamasho da masu lodi. Wani tsohon bakanike a cikinsu ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa, ba wanda ya ce masa ya bari. A jikin katanga kuma dattawan ƙauyenmu ne, wanda ke can gaba da Karaye a ƙasar Maiyama. Sun zo da manyan riguna, suna karɓar gaisuwa kamar su aka yi wa rashin. Nan na durƙusa, domin a cikinsu akwai Baffa, yayan mahaifina, wanda shi ne wakilin mai gari.

Aka shafa fatiha. Sai Baffa ya gyara zama ya ce, "Allah shi gafarta mai. Ba mu ce ba mutumin kirki ba na. Amma gaskiya ɗaya ta, shi yak kwashe muna ɗiyan gari. Yau ka shiga garinmu da rani, daga tsoho sai mace sai akuya."

Na kusa da shi ya ce, "Haka na."

Wani ya ƙara da cewa, "Allah dai shi yafe mai wanga."

Ina durƙushe a gabansu. Ni ma ina cikin 'ya'yan da aka ce an kwashe, ƙurar hanya ma ba ta bar jikina ba. A wurinmu ɗa ba ya mayar wa yayan ubansa magana a cikin mutane, don haka na haɗiye, na tashi na shiga cikin gida. Abin da na haɗiye ɗin ne ya hana ni sukuni har na zauna rubuta wannan. Ba zan yarda a binne Kawu da laifin da ba nasa ba.

Tun kafin a haife ni yake jan babbar mota mai bodin katako ta wani attajirin Aliero. Albasa yake kaiwa Kudu, ya bi ta Koko da Yawuri da Kwantagora har Badun da Ikko, ya dawo da manja da goro da garin rogo. Gajere ne, mai kaurin wuya. Ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya, shi ya sa ba ya iya magana a hankali, ko sirri zai yi maka sai maƙwabta sun ji. Goro ba ya rabuwa da aljihunsa. Idan ka gaishe shi ya ɓara ya ba ka, kuna lafiya. Idan ya ɓara ya jefa bakinsa yana kallonka, to ka nemi laifinka.

Mutumin da ake cewa ya kwashe mu zuwa Ikko, ban taɓa ganin wanda ya ƙi jinin Ikko kamarsa ba. Bai taɓa kama ɗaki a can ba. Ƙarƙashin motarsa yake shimfiɗa tabarma, a sauke kaya, a loda wasu, ya juyo. Yakan ce, "Garin da za ka faɗi a titi a tsallake ka, ba gari ba na, kasuwa ta."

Gaskiya ne yana ɗaukar samari a saman buhuna. Duk direban albasa yana ɗauka. Bambancinsa da sauran shi ne ba ka hawa motarsa sai ka zauna a kan matakalar ƙofa ya yi maka tambayarsa: "Mi yak kore ka?" Idan ka ce abokanka sun tafi, ko kana son ka ga gari, sai ya ce, "Sauka. Motag ga ba ta yawon buɗe ido ba ta." Idan ka faɗi dalilin da ya kama hankalinsa, sai ya tambaye ka ko uwarka ta sani. Ba ya yarda da bakinka. Ya sha ajiye mota a bakin kwalta ya taka da ƙafa zuwa ƙauye don ya ji daga bakin tsohuwa.

A kan wannan matakala ya ji ciwon kowane gida a ƙasarmu. Wani gonar ubansa ce aka raba gado ta koma tafin hannu. Wani ya yi noman shekara uku bai tara abin aure ba, yarinyar ta gaji da jira. Har 'ya'yan Fulanin bayan garinmu sun zauna a wurin, waɗanda aka nome musu burtali, shanun suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Su dattawan da ke cewa haka na, wanne ne a cikinsu ya taɓa zaunar da saurayi ya tambaye shi abin da ke damunsa?

Na san asalin ƙullin da ke tsakanin Baffa da Kawu, duk garinmu ma sun sani.

Shekarar da aka ba mu jiharmu ta Kabi, mun yi murna kamar an yi mana gafara. Aka yi kiɗa har gari ya ɗauka. Aka ce a da Sakkwato ce ta yi mana nisa, yanzu gwamnati ta zo ƙofar gida, za a yi mana hanya, za a kawo taki. Takin kuwa ya zo. Da idona na ga an jibge buhunan a zauren Baffa, domin shi zai raba. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, muna ta zarya ana cewa a jira. Daga ƙarshe aka auna wa kowane magidanci abin da bai cika ƙwarya ba.

Bayan 'yan kwanaki Baffa ya aika a kira Kawu, a matsayinsa na surukin gida, wai akwai kayan da zai rage masa hanya. Da hantsi ne, mutane na zaune a inuwar masallaci. Kawu ya shiga zauren ya ɗaga tamfol ɗin da aka rufe kayan.

"Wanga mi na?"

"Kaya na," in ji Baffa. "Ka sauke mani su Yawuri, akwai mai jira."

"Takin mutane na."

"Kai direba na ko alƙali?"

"Direba ni ke. Na ɗauki albasa, na ɗauki jakkai, na ɗauki gawa. Ban ɗaukar wanga. Gobe in yaran ga sunka taho wurina da jakunkuna, kai ka aiko su."

Da muryarsa ta mai kunne ɗaya ya faɗa, babu wanda bai ji ba a inuwar masallacin nan. Babu kuma wanda ya tashi. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ranar kasuwar Jega ta zagayo, wata mota ta zo ta kwashe buhunan, gero ya yi ja a gonakinmu. Waɗanda suka sunkuyar da kai ranar nan, su ne na tarar a jikin katanga da manyan riguna.

Ni kaina ban taɓa tsammanin zan zauna a kan matakalar Kawu ba. Manomi nake, kuma ina son noma. Amma da mahaifinmu ya rasu aka raba fadamarsa tsakaninmu, abin da ya faɗo hannuna in na tsaya a wannan iyaka ina iya miƙa wa maƙwabcina goro a waccan. A haka na yi albasa da jigo, ina ɗibar ruwa guga-guga har tafin hannuna ya tsage. Ta yi kyau. Sai dai lokacin da tawa ta nuna, ta kowa ta nuna. Na kai Aliero, dillalai suka yi mata tayin wulaƙanci, na yi fushi na dawo da ita na zuba a rudu, wato gadon karan da muke ajiye albasa a kai, ina jiran ta yi daraja. Zafi ya shiga, ta fara ruɓa daga ƙasa. Ni da matata muna tsincewa muna zubarwa, har wari ya hana mu cin tuwo a tsakar gida.

Wannan duk da na jure. Abin da ya karya ni ya zo da damina. 'Yarmu ta fari, tana tatata, zazzaɓi ya kama ta, kafin azahar ta fara sanƙarewa. Tsakaninmu da kwalta akwai rafin da aka yi mana alkawarin gada a kansa tun ranar kiɗan jiha. Ranar ya cika ya batse, ko jaki ba ya shiga. Na ɗora ta a kafaɗa na shiga ruwan, yana kai mini ƙirji, uwarta na tsaye a gaɓa. Na haye. Na yi gudu iyakar ƙarfina. Ina isa bakin kwalta na sauko da ita don in tsayar da mota, na ga babu sauran amfanin mota. Na sake ɗora ta a kafaɗa na koma ta cikin ruwan nan.

Bayan kaka na je Jega na zauna a kan matakalar. Kawu ya ce, "Mi yak kore ka?" Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Tashi. Ban kai ɗan ƙanwata shi yi dako a garin mutane."

Ya bi ni har ƙauye don ya sa Inna, mahaifiyata, ta hana ni. Ina daga bakin ƙofa ina jin su.

"Ki hana shi," in ji Kawu. "Ni na san abin da ac can. Kwana a rumfa, zagi, ciwo babu mai ce maka sannu."

Inna ta ce, "Yaya, kai ka san can, ni na san nan. Kullum yaron ga in ya fita gona sai ya biya ta bakin rafi ya tsaya. Ban iya kallon wanga. Ɗauke shi."

"In ya lalace fa?"

"Nan ɗin gyaruwa yake yi?"

Kawu ya haƙura. Ranar tafiya na nufi gaban mota, tunda ni ɗan gida ne. Ya tare ni da hannu ya nuna mini sama. Ya ce, "Hau can cikin 'yan'uwanka. Gaba na masu komawa gida na." Haka dokarsa take. Duk wanda ya ce ya gama da Ikko zai koma, shi ke zama kusa da Kawu, ya ci abin da ya ci, kuma ba a karɓar masa ko kwabo.

Ba zan yabi Ikko ba. Na yi dako har wuyana ya daina juyawa. Na kwana a rumfar kasuwa ruwa na bi ta ƙarƙashina. An kira ni da sunayen da ban san ma'anarsu ba sai daga baya. Amma da wannan dakon na rufa wa Inna ɗaki da kwano. Da shi na ɗauko matata, kuma ɗan da muka samu daga baya, ranar da zazzaɓi ya kama shi, tafiyar da na yi da shi zuwa wurin magani ba ta kai daga gidanmu zuwa bakin rafi ba. Yana nan da ransa. Duk mai son ya san abin da ke kai mu birni, to ga shi.

Kawu ya taɓa maido mu, kuma wannan ne abin da masu zarginsa ba sa son a tuna. Shekarar da aka soke zaɓe Ikko ta rikice, kowa na neman hanyar garinsu. Kawu ya ƙi lodin manja. Ya cika motar da mutane, mu da matanmu da buhunan tsummokaranmu, ya kawo, ya koma ya sake kwasowa. Mai motar ya yi faɗa, Kawu ya ce ya cire a albashinsa. Garinmu ya cika. Iyaye mata suka yi ta guɗa, masallaci ya kasa ɗaukarmu ranar Juma'a. Kawu ya yi ta rabon goro, ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

Wata bai cika biyu ba murna ta koma ciki. Rumbunan da aka auna don tsofaffi da yara suka soma nuna gindi. Masu manyan gonaki ba wanda ya ce ga kadada ka noma. Muna zaune a gindin bishiya tun safe, majiya ƙarfi, muna kallon juna. Da ƙura ta lafa a Kudu, ɗaya bayan ɗaya muka koma ƙofar gidan Kawu da jakunkunanmu.

Ranar bai yi wa kowa tambayarsa ba. Ya bar mu a nan ya tafi ƙauyen, ya jira aka sallame sallar la'asar, ya miƙe a gaban dattawa. Ƙanena yana wurin, shi ya ba ni labari.

Kawu ya ce, "Kun ce ni ka kwashe su. To na maido muku su, har ƙofar gida, ban amshi ko sisi ba. Ku riƙe su mana. Wa ad da aikin da zai ba su? Wa zai ba da gona?"

Dattawan suka sunkuyar da kai suna jan carbi.

Ya ce, "Zomo ba ya fushi da makashinai, sai maratayinai. Ku yi ta fushi da ni, na iya ɗauka." Ya sa takalmansa ya fita.

Mutum ɗaya na sani da ke da ikon riƙe Kawu a zuci, ita ce maƙwabciyar Inna, wata gwauruwa. Kawu ne ya ɗauki babban ɗanta, da yardarta. Yana cikin dako wata mota ta banke shi da kaya a ka, aka binne shi a can. Kawu bai aiko kowa ba. Shi ya kawo mata jakarsa da bargonsa. Ta dube shi ta ce, "Kai kak kashe shi." Dattijo da furfurarsa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, "Na ji." Bai kare kansa da kalma ɗaya ba, shi da ba a taɓa faɗa masa ɗaya bai rama biyu ba. Daga ranar, duk dawowar da zai yi sai an ga galan ɗin manja da ƙullin gari a ƙofarta. Shekarar farko tana zubarwa. Bai fasa ba.

Inna ta faɗa mini matar nan ta zo gaisuwa, da ƙafa ta tako har kwalta. Da maganar Baffa ta shigo cikin gida ta bakin yara, sai ta ce a gaban mata, "Ni ɗai ad da hakkin zaginai, kuma ni na yafe. Su mi yat taɓa ɗaukar musu?"

Ba na cewa Kawu waliyyi ne. Yana da baƙar magana, yana da riƙo. Ya mutu ba ya ba Baffa goro. Matarsa ta yi rayuwar aure da mutumin da rabin shekara yana kan hanya, in ya dawo kuma faɗa ne a kan tuwo ya yi sanyi. 'Ya'yansa sun fi sanin ƙarar motarsa da hirarsa. Waɗannan nasa ne, Allah ya yafe masa su. Amma ba shi ya raba gona ta koma tafin hannu ba, ba shi ya hana gada ba, kuma takin da ya bi hanyar Yawuri ba a motarsa ya tafi ba.

Raunin idonsa ne ya sauke shi daga mota. Ya koma zama a benci a tasha, yana gane direbobi ta yadda suke taka birki. Ban san abin da ya yi da ɗan abin sallamar da mai motar ya ba shi ba, sai ranar da zan koma, da na shiga yi wa matarsa ban kwana. Ta ce in jawo wani kwali daga ƙarƙashin gadonsa. Injin ban-ruwa ne, sabo, ko leda ba a cire masa ba.

Ta ce, "Naka na. Tun bara yas saye shi. Ya so ka taho ka ga fadama ta sha ruwa ba da jigo ba. Sai man fetur yaɓ ɓace, kullum shina cewa bari abin shi daidaita kafin shi kira ka, kada ka bar abin da ka kama ka zo ka zauna."

Na ce mata zan duba, wataƙila bayan kaka.

Ta ce, "Ya ce haka za ka ce. Ya ce kada in matsa maka. In ka dawo, ka yi noma da shi. In ba ka dawowa, ka sayar ka ƙara jari, babu komi. Abu guda dai, kada shi kwana zauren Baffanka."

Na yi dariya, daga nan kuma kukan da ban yi ba tun Ikko ya zo.

Injin yana ɗakin Inna, ban sayar ba. Ban kuma yi wa kowa alkawarin dawowa ba, domin har yau ruwa ne ke yanke hukuncin wanda zai kai asibiti a garinmu, kuma ina da ɗa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa tafiyar da ya yi ta ƙarshe ta fi duk waɗanda ya yi sauƙi. Su kuwa dattawanmu, ba na yi musu mugun baki. Tsawon rai nake roƙa musu. Su daɗe a inuwar masallacin nan suna kallon garin da suka rage, har ranar da za a nemi samari huɗu masu ɗaukar makara.